Ranar da Aka Yi wa Motar Sista Ƙarin Ƙarfe

Minti-Biyar bai taɓa ganin aikin da ya wuce minti biyar ba. Rufin ɗaki ya yi yoyo, minti biyar ne. Famfo ya ƙi kawo ruwa, minti biyar ne. Fankar shagon mai aski da ya kwance bara tana nan a buhu har yau, sukurorinta a gwangwanin madara, tana jiran mintunan su cika. Daga nan sunan ya bi shi, shi kuwa ko a jikinsa, don a ganinsa lambar yabo ce aka rataya masa.

Abu ɗaya ne ke sa a gaishe shi da hannu biyu a layin, shi ma ba nasa ba ne: makullin motar yayarsa. Yayar tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, kowa Sista yake ce mata. Shekara talatin da biyar ta yi tana tsira wa manyan mutane allura ba ta taɓa cewa kowa ya yi haƙuri ba. Da za ta tafi wani gari jinyar 'yarta da ta samu karaya, ta kira shi, ta ɗora masa makullin a tafin hannu, amma ba ta saki ba.

"Auta," in ji ta, shi da furfura ta cinye masa rabin gemu, "duk wata uku ka kai ta wajen Baba makanike ya juye baƙin mai. Ba kai za ka juye ba. Shi. In na dawo na tarar da ita lafiya, makulli ya zauna wurinka, ni gwiwata ta daina son kulochi. In kuwa na ji tana wata ƙarar da ban bar ta da ita ba, ka koma wa ƙafarka."

"Yaya, juye mai ai minti..."

"Rufe mini baki."

Jinyar da aka ce wata biyu ce ta ja har wata goma. A wata goman nan babu inda motar ba ta je ba, sai garejin Baba. Minti-Biyar ya koyi fito da gwiwar hannu ta taga, ya koyi juya makulli a ɗan yatsa yana magana. In ya zaro sandar awon mai ya ga ya yi ƙasa, sai ya cika da tsohon man da mai aski ke juyewa daga janaretonsa. Mai dai mai ne, in ji shi, launi ne kawai ya bambanta.

Ranar wata Talata waya ta yi ƙara. Sista ce. Asabar za ta sauka a tasha da hantsi, ya zo ya ɗauke ta.

Kafin azahar yana garejin Baba.

Baba makanike tsoho ne mai tsadar magana. Ya kwance ƙusar ƙasan inji, man ya ƙi fitowa da farko, sannan ya fara zubowa a hankali kamar kwalta mai jin kunya. Baba ya dubi man, ya dubi Minti-Biyar.

"Yaushe rabonta da sabon mai?"

"Kwanan nan."

"Kwanan nan na wace shekara?"

Bai jira amsa ba. Ya kwance filtar mai, ya yanke gwangwaninta, ya zaro takardar da ke nannaɗe a ciki. Sista ce ta saba masa da haka. Ba ta yarda a jefar da filta ba a duba cikinta ba, kamar yadda ba ta yarda a sallami maras lafiya ba a auna fitsarinsa ba. Ya warware takardar a rana. Tana ƙyalli kamar an daka madubi an barbaɗa mata.

Ya ɗauko mayen ƙarfe ya shafa a kai. Wani baƙin gari ya taso ya manne kamar gashin baki. Wasu ƙananan ɓarɓashi ja-ja suka zauna inda suke.

"Wannan da ya bi mayen ƙarfe, jikin karanshaf ne, sandar da ke juyawa a tsakiyar inji," in ji Baba. "Wannan ja-jan da ya ƙi bi, metal ne. 'Yan siraran faranti ne da ke rungume da sandar, mai ne ke raba su. Mai ya mutu, sun fara cin juna. In ka ga ja, an cinye saman an kai ga jan ƙarfen da ke ƙasa."

"Ai na sani."

"To tunda ka sani, kar ka ƙara tayar da ita. Bar ta nan in sauke kwanon ƙasa in sa sabon metal. Kwana biyu ne, in sandar ba ta ji ciwo sosai ba. Sai dai zan buga wa Sista waya tukuna. Ba na buɗe cikin motarta ba da saninta ba."

Da Minti-Biyar ya ji an ambaci waya, sai ya ji makullin ya yi sanyi a ɗan yatsansa. Waya ɗaya, tambaya ɗaya, wata goma su fito fili.

"Baba, kar ka tayar wa mai jinya hankali. Ni zan gaya mata da bakina. Zuba sabon mai, sa sabuwar filta, sauran ka bar mini. Kuma nannaɗe mini takardar nan, kayan Yaya ne."

Baba ya ɗauki almakashi ya raba takardar biyu. Ya ba shi rabi, ya linke rabi ya sa a aljihun gaba.

"Ni ba na kai ƙara," in ji shi. "Amma ina ajiya."

A hanyar komawa gida injin na wani ɗan ƙwas-ƙwas ƙasa-ƙasa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana tsoron a buɗe. Minti-Biyar yana tuƙi yana tunani, kuma duk wanda ya san shi ya san nan ne masifa ke farawa. A gidan Sista ya girma. Tun yana yaro yake jin maganar asibiti ta bayan labule, rabi ya shiga kunne, rabi ya wuce. Kafin ya karya kwanar layinsu, rabin da ya shiga ya haɗu ya zama ilimi.

Ya tarar da matarsa a ƙasa tana yankan yadi, don ɗinki take yi.

"Tsaya in tambaye ki. Mutum in jininsa ya zuba, me ake yi masa a asibiti?"

"Ƙarin jini."

"In ruwan jikinsa ya ƙare fa?"

"Ƙarin ruwa. Maigida, ɗaga ƙafarka, kana taka mini yadin mutane."

"To inji ƙarfensa ya zuba. Me za a yi masa?"

"A kai wa Baba."

"Ƙarin ƙarfe!" Ya buga hannu a cinya. "Shekara nawa masu ƙera mota suna ƙerawa, ba wanda ya gano. Kuma kin san ɓarauniyar? Filta. Ƙarfen inji ya ɗan fito ya zaga cikin mai zai koma mazauninsa, sai ta tare shi ta riƙe. Ga shaida nan a takarda. Kama ta aka yi da kaya a hannu."

Matar ta ɗago ta dube shi, almakashi a buɗe.

"Minti nawa zai ci?"

"Biyar."

Ta ci gaba da yankanta. Shekara ashirin da uku suna tare, ta san lokacin da magana ke da amfani, ta kuma san ba yau ba ne.

Laraba da safe ya je shagon mai walda da tsintsiya da kwano. Ya durƙusa ƙarƙashin injin gurzar ƙarfe yana share garin da ya taru.

"Minti, an ɗauke ka aikin shara ne ban sani ba?" in ji mai walda, ya ɗaga gilashin fuskarsa.

"Magani nake ɗiba. Kai kana tattaka shi kullum ba ka san darajarsa ba."

Ya yi masa bayani tun daga jini har zuwa ɓarauniya. Sannan ya miƙa masa sabuwar filtar da Baba ya sa jiya, wadda shi Minti-Biyar ya kwance da asuba.

"Yanke ta, ka zare takardar cikin, ka mayar ka liƙe."

"In zare takardar? To me zai tace man?"

"Wa ya ce a tace? Kai in aka ba ka magani, tace shi kake yi a maƙogwaro?"

Mai walda ya juya filtar a hannu. Ya dubi sama. Ya dubi Minti-Biyar.

"Ni dai walda aka ce in yi," ya ce, ya sauke gilashinsa. "In an tambaye ni, walda na yi, kuma ta yi kyau."

Ta yi kyau ɗin kuwa. Ko ɗigo ba ta yoyo.

A gida Minti-Biyar ya ɗauki rariyar matarsa ya tankaɗe garin ƙarfen, ya fitar da guntayen waya da ƙusa guda biyu, don shi ba ya aikin ƙazanta. Ya kankare ɓarɓashin da ke rabin takardar nan da cokali ya haɗa, saboda wannan shi ne ainihin jinin maras lafiyar. Ya dama duka da baƙin mai a tukunyar dafa shayi. Matarsa ta shigo ta ga rariyar, ta ga tukunyar, ta ga cokalin, ta juya ta fita ta zauna a bakin keken ɗinki ba ta taka ba.

Alhamis aka yi aikin, a ƙofar gida, da rana tsaka, don Minti-Biyar ba ya ɓoye ilimi. Ya buɗe akwatin Sista da ke ƙarƙashin gadonta, don gida ɗaya suke zaune, ya ɗauko tsohuwar farar rigarta ta aiki, da abin sauraren ƙirji, da robar ƙarin ruwa, da nadin filasta. Rigar ta ƙi haɗuwa a ciki, ya bar ta a buɗe. Ya jawo sandar da matarsa ke rataye ɗinkin mutane ya kafa gefen mota, ya rataya kwalbar haɗin a kife, ya zura bakin robar a ramin zuba mai, ya tayar da inji.

Kafin minti biyar na gaske, layin ya cika.

Mai aski ne ya fara zuwa, da tawul a kafaɗa, ya bar wani da rabin kai a kujera. Ya tsaya, ya haɗa hannu a ƙirji, ya yi ƙasa da murya.

"Sannu, Likita. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. A daina hayaniya."

"Ta ci wani abu kuwa tun safe?"

"Yanzu take ci."

Mai wanki da guga ya leƙa ƙarƙashin bonet ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Wata tsohuwa da ke wucewa ta tambaya ko an sanar da dangi. Mai walda ya zo da kujerarsa.

"Tambaya ɗaya, Likita," in ji mai aski. "Shi ƙarfen in ya shiga, ta yaya zai san inda ya cinye ya je ya zauna?"

"Kai ranar da aka ƙara maka jini, kai ka nuna masa hanya?"

Jama'a suka ce lallai wannan amsa ce. Minti-Biyar ya gyara wuyan riga.

Sai ɗigon ya tsaya. Garin ƙarfe ya cunkushe a robar. Ya murza, ya matsa, ya ɗalle ta da yatsa yadda ya ga Sista na yi, shiru. Ya zare bakin robar daga inji ya kai nasa bakin ya zuƙa. Karo na farko babu komai. Karo na biyu babu komai. Karo na uku komai ya zo gaba ɗaya.

Ya daɗe a sunkuye yana tofarwa. Da ya ɗago ya yi murmushi don a san ba komai, haƙoransa suna ƙyalli a rana.

"Madalla," in ji matarsa daga bakin ƙofa. "Kai ma an yi maka ƙarin."

Ya ce wannan maras lafiyar ba ta son ɗigo, ta baki za a ba ta. Ya aika aka kawo mazurari, ya juye kwalbar duka a ramin mai, ya girgiza ta don kar a yi asarar na ƙasa.

Injin ya yi shiru na ɗan lokaci kamar mai tunani. Daga nan ƙwas-ƙwas ɗin nan mai kunya ya zama ƙwan-ƙwan.

"Kun ji?" in ji Minti-Biyar. "Bugun zuciya ya ƙaru."

Ya sa abin sauraren ƙirji a kunne, ya ɗora bakinsa a jikin inji. Abin da aka ƙera don jin numfashin jariri ne ya ɗora a kan ƙarfe mai dukan ƙarfe. Ya yi tsalle ya koma baya, ya bugi sandar rataye kaya, ta faɗi kan mai wanki. Daga lokacin har magariba duk maganar da zai yi da ihu yake yin ta, duk wadda aka yi masa kuma sai ya ce, "Iye?"

Da ya shiga zai kashe motar, ya ga wata 'yar fitila ja mai siffar buta tana kyaftawa a gaban sitiyari. Ya san ta, fitilar mai ce. Ya dube ta, ta dube shi. Ya yanko filasta ya manne ta, ya ƙara wata a gicciye.

"Wannan fa?" in ji mai walda ta taga.

"IYE?"

"Na ce filastar fa?"

"WURI YA YI JA, AN RUFE SHI KAR ƘUDA YA SAUKA!"

Juma'a ya fitar da ita ta motsa jiki, don Sista kullum tana cewa kwanciya ba ta warkar da mutum. Ya zaga layin sau uku. Sau uku mai wanki yana fitowa ya buɗe ƙyauren shagonsa na baya yana tambayar wane ne. A zagaye na biyu Minti-Biyar ya kunna rediyo. A na uku ya ƙure murya, amma injin ya fi mai labarai ƙarfi.

A bakin layi ya ci karo da Baba makanike a tsohuwar a-kori-kurarsa. Baba ya tsaya, ya kashe tasa motar, ya karkata kai yana saurare, ido a rufe.

"Ranar Talata kwana biyu ne," in ji shi. "Yau sati biyu ne, kuma sai an kai sandar an gurza. Kashe ta nan in ja ta."

"Baba, zamani ya wuce sauke inji. Yanzu ta jijiya ake yi."

"Me ka zuba mata?"

"Abin da ta rasa."

Baba ya taɓa aljihun gabansa, ya tayar da motarsa ya wuce.

Da yamma matar ta same shi yana tankaɗe sabon gari.

"Maigida, don girman Allah ka kira Yaya ka gaya mata gaskiya. Za ta yi faɗa, ta ƙwace makulli wata ɗaya, ta huce. Na san ta."

"In bar magani a rabi? Ita da kanta take cewa wanda ya sha rabin magani ya fi wanda bai sha ba shiga haɗari."

"Mutane take nufi."

"Ilimi ɗaya ne."

Ya ba motar magani na biyu, cokali shida, ya ƙara ɗaya saboda hanya.

Asabar da hantsi ya wanke motar tas, ya goge tayoyi, ya fesa turare a kujeru. Matarsa ta shiga gaba don tarbar Yaya. Mai aski ya rufe shago ya shiga baya, mai walda ya bi shi.

"Ku kuma ina zuwa?"

"Rakiya," in ji mai aski. "Irin wannan ba a bari a ba ka labari."

Tafiyar da ba ta fi kwata ba ta ci musu kusan awa. Ƙwan-ƙwan ya zama gwaram-gwaram. Masu babur suna matsawa gefe tun kafin ya yi hon. Wani mai faci ya taso daga bencinsa ya bi su da kallo, hannu a ka. Kujeru suna rawa, madubin ciki ya sunkuyar da kai, haƙoran mai walda suna haɗuwa.

"Likita, anya ba zazzaɓi ba ne?"

"Magani ne ke faɗa da cuta. Ku yi shiru ku bar su."

Ƙofar tashar ɗaya ce, ta nan ake shiga ta nan ake fita, kuma faɗinta na mota ɗaya ne. Can ciki Sista na tsaye gefen wata ƙatuwar jaka, da tabarau a karan hanci. Ta ji motar kafin ta gan ta. Duk tashar ta ji.

Daidai tsakiyar ƙofar Minti-Biyar ya hango ta. Ya ga yadda ta karkata kai. Ya san in ta ji wannan ƙarar a hankali za ta ɗauka ciwo ne, amma in ta ji ta da ƙarfi za ta gane lafiya ce ta yi yawa. Ya taka kulochi, ya fito da gwiwar hannu ta taga, ya danna totur har ƙasa.

Injin ya yi wani kuka da ba a taɓa jin mota ta yi ba. Sannan, dam!

Bonet ya ɗaga ya koma. Wani guntun ƙarfe ya fito ta ƙasa ya yi tsalle uku a kwalta ya shige ƙarƙashin teburin mai sayar da ruwa. Hayaƙi ya tashi. Baƙin mai ya fara malalowa daga ƙarƙashin motar, yana ƙyalli, ya bi gangare ya nufi ƙafafun 'yan kamasho.

Daga nan shiru. Shirun bai daɗe ba, don akwai bas uku cike da fasinja a ciki suna son fita, biyu a waje suna son shiga, kuma duk suna da hon.

"Malam, janye wannan akwalar!"

"A tura ta mana!"

"Wa zai tura cikin wannan man? Kai ka zo ka tura!"

Minti-Biyar ya murza makulli. Ƙyat. Ya sake. Ƙyat.

"Barci ta yi," ya gaya wa matarsa. "Haka suke yi bayan magani."

Sista ta tako a hankali saboda gwiwa. Mutane suka dare mata hanya ba tare da sun san dalili ba. Fuskarta ce kawai irin wadda ake darewa. Ta zaga tabkin man. Ta buɗe ƙofar direba.

"Yaya, sannu da zuwa, ya hanya, ya mai ƙafa..."

"Fito."

Ya fito. Ta sunkuya ta dubi gaban sitiyari. Ta sa farce ta ɓamɓare filastar. Fitilar na nan tana ci, ja wur, kamar wadda ta kwana biyu tana ihu an toshe mata baki. Sista ta juya filastar a yatsa.

"Wannan tawa ce."

Ta buɗe aljihun mota, abin sauraren ƙirji ya zubo da robar ƙarin ruwa a nannaɗe, baƙa ƙirin.

"Wannan ma."

A lokacin ne Baba makanike ya ratso jama'a da igiyar jan mota a kafaɗa.

"Wa ya kira ka, Baba?" in ji mai aski.

"Ba wanda ya kira ni. Tun daga layinku nake bin ku a baya. Na ɗauka ba za ku wuce gada ba."

Ya gaida Sista, ya zaro rabin takardar nan daga aljihu ya warware mata a rana. Ya gaya mata abin da ya gani ranar Talata da abin da ya ce, cikin jimla huɗu. Mai aski ya cika sauran, da kwaikwayo, har da zuƙar roba. Mai walda ya ce shi dai walda ya yi. Direbobin da ke zagi suka daina, suka matso. Wani ma ya ce a maimaita wajen rariya, bai ji da kyau ba.

Baba ya ɗaga bonet. A gefen injin akwai rami da hannun mutum zai shiga, hannun fistan, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji, ya leƙo ta ciki a karkace.

"Sati nawa yanzu?" in ji Sista.

"Yanzu ba sati ba ne. Wani injin ne."

Ya sa tsumma ya kwance filtar, ya ga layin walda, ya dubi mai walda, ya ɗauko abin yankansa ya buɗe ta a gaban kowa. Ya kifa. Ɗan mai ya zuba. Gwangwani ne fayau, ba komai a ciki.

Minti-Biyar ya matso ya leƙa. Fuskarsa ta washe.

"Kun gani? Jama'a ku shaida! Ranar Talata cike take da ƙarfe. Yau ko ƙwaya ɗaya ta riƙe? Ko ƙwaya ɗaya?"

Wani ɗan kamasho ya zauna a ƙasa.

Sista ta kama wuyan hannun ƙanenta ta dubi agogonta. Ta ja fatar idonsa ƙasa ta leƙa. Ta ce ya fito da harshe, ya fito da shi, da sauran ƙyalli a gefe.

"Lafiyarsa ƙalau," ta gaya wa matarsa. "Haka aka haife shi. Ina wurin."

Minti-Biyar ya zare makullin daga mota. Ya riƙe shi da hannu biyu ya miƙa mata, kai a ƙasa, yadda ake miƙa abin da ba a son rabuwa da shi.

"Me zan yi da shi?" in ji Sista. "Cewa na yi in na ji tana ƙarar da ban bar ta da ita ba. Saurara." Ta ɗaga yatsa. "Ka ji wata ƙara?"

"A'a, Yaya."

"To riƙe abinka. Baba, akwai na biyu a jakata, in an sa wani injin ka kawo mini ita gida da hannunka. Gwiwar tawa za ta koyi son kulochi."

Aka ɗaura igiya. Mai walda ya shiga ya kama sitiyari. Sista da matar Minti-Biyar suka shiga gaban a-kori-kurar Baba, mai aski ya haye baya. Ƙatuwar jakar tana nan inda aka bar ta.

"Yaya, jakar fa? A sa ta a but."

"Maras lafiya ba ya ɗaukar kaya. Auta, daga nan zuwa gida a ƙafa, minti nawa ne?"

Ya buɗe baki. Ya so ya rufe, amma bakin ya riga ya saba.

"Biyar."

"To muna jiranka."

La'asar ta wuce kafin ya karyo kwanar layin, jaka a ka, gumi har takalmi. Mutane na zaune ƙofar shagon mai aski, an sa wa Minti-Biyar kujera a tsakiya. Ya sauke jakar, ya zauna, ya sha ruwa kofi biyu. Sannan ya laluba aljihu ya fito da makullin ya sa a ɗan yatsa ya fara juyawa.

"Maganin daidai ne," in ji shi. "Ba a kawo ta da wuri ba ne."